Fashin Baƙi: Zubar Fitsarin da Matan Kano Ke Ɓoyewa a Ƙarƙashin Zani

Gwaggona mace ce mai dariya. In ta ƙyalƙyale a tsakar gida, har maƙwabta sai sun san ta iso. Wata rana muka je biki a Gwammaja, ranar kamu, aka yi wani barkwanci da ya sa mata suka riƙa riƙe ciki, sai na ga ta matse cinyoyi, ta dafe mara, ta tsaya a murmushi. Aka kawo zoɓo mai sanyi a cikin zafin nan na watan Afrilu, ta ce ta ƙoshi. Kujerar da ta zaɓa kuwa ta bakin ƙofa ce, dab da banɗaki. Da muka tashi tafiya ta miƙo min jakarta in riƙe mata, na ji ta cike, na leƙa: zani ɗaya a ninke, ƙunzugu uku da aka yanka daga tsohuwar atamfa, baƙar leda, da 'yar kwalbar humra.

A cikin Adaidaita Sahu na tambaye ta. Ta daɗe tana kallon titi kafin ta ce, "Ke 'yar nan, haihuwa tara wasa ce? In na yi dariya ko tari, sai dai in ji ɗumi. Amma kada ki kuskura ki ce wa kowa ina da yoyon fitsari."

Kashedin nan nata shi ne bakin zaren. A Kano, in aka ce yoyon fitsari, hoto ɗaya ke zuwa wa mutane: yarinya daga ƙauye, ta kwana uku tana naƙuda, ɗan ya zo babu rai, miji ya sallame ta, ga ta zaune a harabar asibiti da bokiti da robar fitsari. Hoton gaskiya ne, kuma za mu zo kansa. Sai dai sunan ya yi nauyi har ya danne sauran matsalolin. Matar da ɗigo biyu ke kuɓuce mata in ta yi atishawa, da tsohuwar da fitsari ke riga ta isa makewayi, da mai jegon da ba ta jin cikar mararta, duk an yi musu kuɗin goro da waccan yarinyar. Tunda ba wadda ke son a laƙaba mata wancan suna, sai kowa ta ja bakinta ta yi shiru, ko ta ce "sanyi ne", ko "girma ne ya zo". Alhali bincike-binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban sukan samu cewa kashi 25 zuwa 45 cikin ɗari na mata manya sun san wannan zubar, ko da jefi-jefi ne. A lissafa matan da ke zaune a ajin Islamiyya guda na matan aure, a ga nawa ke nan.

Don a rarrabe, sai an fara sanin yadda jiki ke riƙe fitsari tun asali.

Ƙoda tana tace jini dare da rana, tana tura fitsari zuwa mafitsara ta wasu siraran bututu biyu. A yini takan fitar da lita ɗaya zuwa biyu. Mafitsara kamar salka take, jaka ce ta tsoka mai buɗewa a hankali, kuma abin da takan ɗauka bai cika wuce cikin ledar ruwa ɗaya ba, wato kusan rabin lita. A ƙasanta akwai hanyar fita. Ta namiji takan kai santimita 20, ta mace kuwa kusan santimita 4 ce kacal, ba ta kai tsawon ƙaramin yatsa ba. Wata tsoka mai kama da zobe ce ke ɗaure bakin wannan hanya. Sannan a can ƙasan ƙugu akwai wata shimfiɗar tsoka da ta taso daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙashin gindi ta baya. Aikinta irin na majanyi ne: ita ke tallafe mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, kamar yadda majanyi ke tallafe goyo. Kan duk wannan akwai jijiyoyi da ke kai saƙo tsakanin mafitsara da ƙwaƙwalwa, su ce ta cika, ƙwaƙwalwa ta ce a dakata tukuna. Ko salkar ta huje, ko majanyin ya saki, ko saƙon ya rikice, sakamakon a ido ɗaya ne, jiƙaƙƙen zani. A ciki kuwa matsaloli ne mabambanta, magungunansu ma ba ɗaya ba.

Irin na Gwaggo shi ya fi yawa. Majanyi ne ya saki. Duk abin da zai matsa ciki farat ɗaya, tari, atishawa, dariya, sauke tukunyar biki daga murhu, jan guga, daka, tashi daga sujada, sai ya turo fitsari ya fi ƙarfin ɗaurin. Ba ta jin matsuwa kafin ya zo, kuma in tana kwance barci yawanci ba ya zuba. Babban dalilinsa ciki da haihuwa. Tsawon wata tara nauyi na kan wannan tsoka, sannan kan jariri ya ratsa ta tsakiyarta ya miƙar da ita iyakar miƙuwa. Takan murmure bayan haihuwa in ta samu sarari, amma ina sararin? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma takan haifi fiye da 'ya'ya shida a rayuwarta, kuma mun san gidajen da ake yaye da sabon ciki. Muna da al'ada mai kyau ta kula da mai jego kwana arba'in, ruwan zafi safe da yamma, kunu, gasasshen nama, amma duk cikin wannan hidima babu wanda ke tuna tsokar da ta fi kowace gaɓa shan wahala. Ana yin arba'in ta koma ɗaukar jarka. Ƙiba tana ƙara wa abin nauyi, haka tarin da ya daɗe, irin na mai asma ko na matar da ta shekara ashirin tana busa icce. Taurin bayan gida ma yana cikin masu laifi, saboda yunƙurin kullum. In al'ada ta ɗauke, sinadarin da ke sa fatar gaba da ta hanyar fitsari kauri da laushi yana raguwa, shi ya sa wadda ta yi shekaru tana lallaɓawa sai abin ya tsananta mata bayan ta haura hamsin. Wata kuma har mahaifa ko mafitsarar takan zazzago, ta ji kamar wani ƙullutu a gabanta in ta daɗe a tsaye.

Na biyu kuma salkar ce ba ta da haƙuri. Tsokar mafitsara takan matse da kanta tun ba ta cika ba, ba tare da an ba ta izini ba. Mai wannan za ta ce miki lafiya lau take zaune, sai matsuwa ta taso mata kamar an kunna wuta, kafin ta ɗauki buta ta sa takalmi aikin gama ya gama. Wata jin ƙarar famfo ne ke tayar mata, wata taɓa ruwan sanyi da asuba, wata da zarar ta sa mukulli a ƙofar gida. Takan zaga fiye da sau takwas a yini, ta tashi sau biyu ko uku da dare. Ga tsohuwa wannan tashin daren ba ƙaramin haɗari ba ne, domin a cikin duhu da sauri ake zamewa a karya ƙugu. Wani lokaci ƙwayoyin cuta ne suka shiga mafitsara, kuma a nan ne kaɗai kalmar "sanyi" ta yi kusa da gaskiya, domin gwajin fitsari zai nuna, magani na 'yan kwanaki ya kawar. Wani lokaci ciwon suga ne da ba a gano ba, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ƙwayar hawan jini mai sa yawan fitsari. Sau da yawa kuma ba a samun wani dalili na daban. Mata da yawa, musamman manya, suna haɗa wannan da na farkon.

Akwai na uku da ba a cika ganewa ba, inda mafitsara ke cika ta kasa juyewa, sai ta riƙa tumbatsa kaɗan-kaɗan kamar randar da aka manta a ƙarƙashin famfo. Yakan sami mai jego bayan wahalalliyar haihuwa, ko wadda suga ya daɗe yana cin jijiyoyinta. Mai jegon da ta kwashe sa'o'i shida ba ta yi fitsari ba, ko take yin ɗan kaɗan mararta na kumbure, asibiti za a kai ta a ranar, domin fitsarin da ya taru yana iya komawa ya taɓa ƙoda.

Sai ainihin yoyon fitsari, wanda shi rami ne. In naƙuda ta tsaya, kan ɗa ya kasa wucewa, sai ya danne mafitsara da bangon farji a jikin ƙashin mara na tsawon sa'o'i, wani lokaci kwanaki. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan kwana uku zuwa goma ya ɓantare, ƙofa ta buɗe tsakanin mafitsara da farji. Daga nan fitsari ba ya ma taruwa, yadda ƙoda ke kawo shi haka yake fita, a tsaye, a zaune, a kwance, dare da rana. Wannan ita ce babbar alamar da ke raba shi da sauran. Wasu ramin kan haɗa da hanji, bayan gida ma ya riƙa biyowa, wasu kuma ƙafa kan saki saboda jijiyar da aka danne. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin galibi jaririn ma ba ya zuwa da rai. Ƙarancin shekaru yana ƙara haɗarin, amma kada a yaudari kai, matar da ta haihu shida lafiya ma na bakwai zai iya zuwa a gicciye ko da girman da ya fi ƙarfinta. Abin da ke yanke hukunci shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a kai ta inda za a yi mata aiki, kuma wancan binciken na 2018 ya nuna mafi yawan haihuwa a jihar Kano a gida ake yin ta. Yankan gishiri, inda wanzami ko ungozoma ke sa aska a gaban mace da sunan buɗe hanya, shi ma yana huda mafitsara. Akwai kuma wanda ke biyo bayan tiyatar ciro ɗa ko cire mahaifa, in hannun da ya yi aikin bai ƙware ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa fiye da mata miliyan biyu ke zaune da wannan rami ba a gyara ba a Asiya da Afirka kudu da Sahara, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 23 ga Mayu don tunawa da su, tun daga 2013. A nan gida, cibiyar Laure da ke cikin Asibitin Murtala ta shekara da shekaru tana wannan ɗinki, ga masaukin Kwalli inda mata ke zaman jira da murmurewa. A Katsina akwai Babbar Ruga, inda wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara aikin a shekarun 1980 a asibitin da asalinsa na masu cutar kuturta ne. Ya yi wa dubban mata aiki a Katsina da Kano, ya kuma koyar da likitoci da yawa. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta gwamnatin tarayya, kamar ta Ningi a Bauchi da ta Abakaliki. A Jahun ta Jigawa ma ƙungiyar likitoci ta MSF tana yi. Wani abu da ya kamata kowace ungozoma da kowace uwar miji su sani: in aka kai mace da wuri, cikin makonnin farko, aka sa mata robar fitsari ta zauna 'yan makonni, ƙaramin rami yakan iya haɗewa da kansa ba tare da wuƙa ba. Jiran a gama wankan jego kafin a je, asarar wannan damar ce. Mafi yawan ramukan suna ɗinkuwa, musamman a aikin farko. Bayan aiki akan hana kusantar miji watanni, a kuma ce haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta, ta hanyar tiyata. Akwai waɗanda ramin kan rufe amma ɗigo bai tsaya ba, saboda zoben da ke ɗaure bakin mafitsara ya riga ya lalace, su kuma sai an bi su da wata kulawar.

To amma mafi yawan matan da nake magana a kansu ba za su taɓa kwanciya a Laure ba, ba su da abin da zai kai su. Suna nan a Fagge da Kurna da Hotoro da Ɗorayi, malaman makaranta, 'yan kasuwa, ma'aikatan banki, kakanni. Kowacce ta ƙirƙiro dabarunta ita kaɗai, kuma in kika ji na ɗaya kamar kin ji na sauran.

Dabara ta farko ita ce ƙin shan ruwa, kuma ita ce mafi cutarwa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, mace za ta wuni da kofi ɗaya don za ta unguwa. Fitsarin sai ya yi kauri, ya yi ja, zarninsa ya ƙaru, ya kuma riƙa tsikarar mafitsara har matsuwar ta fi ta da. Ga taurin bayan gida, ga sauƙin kamuwa da ƙwayoyin cuta. An gudu ba a tsira ba. Ta biyu ita ce zagayen "ko da a ce", wato shiga banɗaki kowane rabin sa'a tun ba a ji komai ba, wanda a hankali yake koya wa mafitsara ta daina jure ko da kaɗan.

Sai ƙunzugu. Audugar al'ada an yi ta ne don jini, ba ta shan fitsari sosai, ba ta kuma kashe zarni. Famfas na manya akwai shi a manyan kemis, amma wadda za ta sa biyu ko uku kullum, wata da watanni, sai mai hali, ga kunyar tsayawa gaban yaron shago a faɗi abin da aka zo saya. Don haka ake komawa tsumma. Tsumman auduga ba laifi ba ne in ana sauyawa da zarar ya jiƙe, a wanke da sabulu, a shanya a rana. Matsalar ita ce a gidan yawa, inda kishiya da faccala ke wucewa ta gaban igiya, ba a shanyawa a rana. A bayan gado ake ratayewa, ko a ƙarƙashin katifa, a mayar da shi jiki da sauran danshi. Daga nan ƙaiƙayi, sai saɓar fata a matsematsi. Ruwa zalla, tsanewa da kyau, da ɗan man shafawa mai kauri irin Vaseline sun fi turare da hoda amfani a wurin. Turaren wuta da humra kuwa, kowa ya san matar Kano da ƙamshi, shi ya sa ba mai zargin komai in ta ninka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda duniyar mace ke tsukewa ba tare da kowa ya lura ba. Kafin ta fita sai ta lissafa inda banɗaki yake a hanya. Namiji in ya matsu a Kantin Kwari ko Sabon Gari ya san yadda zai yi, ko da jikin katanga ne. Mace fa, a tsakiyar cunkoso, cikin hijabi, da yaro a baya? Sai ta fara aika yara cefane. Ta daina zuwa ta'aziyyar da za a wuni. A gidan biki ba ta zama kan katifar mutane, sai tabarma. Dangi su ce ta cika girman kai, ko ta yanke zumunci. A ɗakin aure kuma, ranar girkinta tun La'asar take daina shan ruwa, domin wasu yakan zubo musu a lokacin saduwa, kuma fargabar kada labari ya isa ɗakin da ke kallon nata ta fi ciwon kansa zafi. Nan masu kayan mata ke samun kasuwa, da sunan matsi. Alif da bagaruwa da sauran abubuwan cusawa suna tsotse fata ne ta bushe na ɗan lokaci, ba sa isa ga tsokar da ta saki, wasu ma ƙuna da tabo suke bari.

Sai maganar salla, wadda ita ce ke hana mata da yawa barci. Na san wadda takan sake alwala sau huɗu kafin ta idar da Azahar, tana kuka. Na ji labarin wadda ta daina salla gaba ɗaya tana ganin ba ta da tsarki, kamar mai haila. A watan azumi da rana abin yakan lafa saboda ba a sha ba, sai an sha ruwa an cika ciki da kunu da lemo, a tsaya tarawihi, ruku'u na farko ya tona asiri, shi ke nan an bar zuwa masallaci. Abin mamaki, malaman fiƙihu sun yi wa wannan suna tun ƙarnoni da suka wuce, salasul bauli, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukan cikin birni sun yi bayaninsa. A Risala an ce mustahabbi ne mai wannan lalura ya yi alwala a kowace salla. A Muhtasar kuma an fayyace: in zubar tana tare da mutum rabin lokaci ko fiye, ba ta warware alwala, in kuwa lokacin da ba ta zuwa ya fi yawa, to tana warwarewa, sai a sake. An kuma yi rangwame kan abin da ya taɓa jiki da tufa in yana zuwa kullum, saboda wahalar kauce masa. Zubar fitsari ba ta sauke salla, ba ta karya azumi. Wace ce ke cikin wane hukunci, wannan tambaya ce da malamar Islamiyya za ta warware cikin minti biyar. A ganina malamai mata su daina jira sai an tambaye su, domin ba za a tambaya ba. In an zo babin tsarki su tsaya a kan wannan layi, su kira abin da sunansa.

Magani fa? Ga mai sakin majanyi, matakin farko ba ƙwaya ba ce, ba kuma tiyata ba. Motsa tsokar ne, dabarar da wani likitan mata Ba'amurke, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948. Ki matse ƙasanki kamar kina riƙe iska a cikin taro kuma kina riƙe fitsari lokaci guda, ki ji kamar kina ɗaga shi sama. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse cinya ko ɗuwawu ko ciki. Ki ƙirga zuwa uku da farko, a hankali har ki kai goma, sannan ki saki gaba ɗaya na tsawon haka. Sau takwas a zama ɗaya, zama uku a yini, aƙalla wata uku kafin a ce ya yi ko bai yi ba. A nan mafi yawa ke faɗuwa, a yi mako biyu a ce babu canji. Ba a yin sa ana tsakiyar fitsari, yin hakan kullum yana rikita mafitsara. In tsokar ta fara ƙarfi, sai ki saba matse ta kafin tari ko ɗaga kaya. Mai ciki ma za ta iya yi, kuma da ana koyar da shi a wurin awo yadda ake nanata maganar gidan sauro, da an rage wa mata wahala mai yawa. Rage ƙiba ko da kaɗan ne yana taimakawa ƙwarai, haka gyara cin abinci don bayan gida ya yi laushi. In duk an yi bai wadatar ba, akwai zoben roba da likita ke sawa ya tallafe abin da ya zazzago, akwai kuma tiyatar da ake ɗage wuyan mafitsara.

Ga mai mafitsara marar haƙuri, horo ake yi mata. In kowace sa'a kike zagawa, ki ƙara minti goma sha biyar, ki zauna a kan haka kwanaki, ki sake ƙarawa, har ki kai sa'a uku. In matsuwa ta taso kada ki ruga, gudu yana ƙara ta; ki tsaya cak, ki matse tsokar nan sau biyar, ki bari ta lafa, sannan ki taka a hankali. Wannan yana son aƙalla mako shida. A sha ruwa daidai da rana, a rage bayan Isha'i. Shayi mai kauri, kofi, lemon kwalba mai baƙi da goro duk suna ɗauke da sinadarin da ake kira caffeine, mai tayar da mafitsara. Akwai ƙwayoyi masu kwantar da ita, amma suna busar da baki, suna sa taurin bayan gida, wasunsu kuma suna rikita tunanin tsofaffi, don haka ba na saye a kemis da baki ba ne.

Zuwa asibiti ba shi da ban tsoron da ake zato. Za a yi tambayoyi, a gwada fitsari da suga, a duba, wataƙila a ce ki yi tari a gani. In ana zargin rami, ruwa mai launin shuɗi ake zubawa a mafitsara a ga ko zai ɓullo ta gaba. Sashen mata na Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala suna ganin irin wannan, kuma babu laifi mace ta nemi mace ta duba ta in akwai. Abin da zai sauƙaƙa wa likita aiki shi ne ki je da bayanin kwana uku: me kika sha, sau nawa kika zaga, yaushe ya zuba, kina me. Jini a fitsari, ko zafi da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko zuba marar tsayawa bayan haihuwa ko tiyata, ko mutuwar ƙafafu, waɗannan ba sa jiran kwana uku.

Gwaggo dai sai da na yi wata biyu ina naci kafin ta yarda na raka ta, shi ma da sharaɗin a ce wa Baba awon hawan jini za mu. Ma'aikaciyar jinyar da ta koya mata motsa tsokar ta ce ta haɗa shi da abin da ba ta mantawa, sai ta zaɓi zaman da take yi a kan dadduma bayan Asuba da Azahar da Isha'i. Zuwa wata na huɗu ƙunzugun cikin jaka ya koma ɗaya, kuma ranar sunan jikarta na jiyo dariyarta tun daga soro. Shayin dare ta bari, ruwa ta koma sha. Da aka zo kan goro kuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Likita, wannan kam a bar maganarsa."